Ni AS shi ma AS, ga lefe an riga an kawo: Anti ya zan yi?

Saƙon da ya shigo:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 23 ina zaune a Kano, an sa ranar aurena da ɗan goggona bayan babbar sallah, lefe ma an kawo har an fara kai ɗinki. Mun je gwajin da ake yi kafin aure sai ya nuna ni AS shi ma AS. Shi ya ce mu yi tawakkali, wai akwai abokin aikinsa AS matarsa AS 'ya'yansu biyar babu mai sikila, kuma wai ɗa na huɗu ne yake zuwa da ita sai mu tsaya a uku. Umma ta ce in na fasa zumuncin Baba da ƙanwarsa ya lalace kenan. Wata ta ce akwai mai maganin gargajiya da yake mayar da AS ya koma AA, wani kuma ya ce zai samo mana takarda mai AA. Ni ban taɓa kwanciya a asibiti ba, toh mene ne ma AS ɗin? Wallahi ina son shi, tun ranar bana iya barci."

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya sanyaya miki zuciya. Na ji zafin saƙon nan sosai, kuma bazan ja ki da nisa ba kafin in faɗa miki inda na tsaya: ku sake gwajin sau ɗaya a wuri mai inganci, idan ya sake nuna AS da AS toh shawarata ki haƙura da auren nan. Na san kina karantawa ƙirjinki na bugawa, amma ki daure ki bi ni har ƙarshe, domin bana so ki fasa saboda Anti ta ce, ina so ki gane abin da ke cikin jinin naki da kanki yadda ko gaban Baba da Goggo aka zaunar da ke za ki iya yin bayani ba tare da kin rikice ba.

Duk numfashin da kika ja, abin da jikinki yake nema a ciki ita ce iskar oksijin, ta shiga huhu, daga huhu ta ratsa cikin jini, jinin ya kai ta ko'ina tun daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa, kuma duk sashen jikin da aka yanke wa ita na ɗan lokaci zai fara ciwo daga nan ya fara lalacewa. Ruwan jini shi kaɗai ba ya iya ɗaukar oksijin mai yawa, masu wannan aikin wasu ƙananan ƙwayoyi ne jajaye da ido ba ya gani, a ɗigon jini ɗaya akwai miliyoyinsu. Cikin kowace ƙwaya an cika ta taf da wani sinadari da ake kira himoglobin, shi ne ya sa jini ya zama ja, yana da ƙarfe a jikinsa kuma a jikin ƙarfen nan oksijin take maƙalewa, kowane himoglobin ɗaya yana da gurbi 4, ya cika su a huhu ya je ya sauke a inda ake buƙata ya dawo ya sake ɗauka. Ƙwayar jinin mai lafiya zagaye take da ɗan loɓawa a tsakiya, mai laushi ce sosai, tana iya lanƙwashewa ta matse ta wuce ta jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, tana wannan zirga-zirgar kusan kwana 120 kafin ta tsufa, ɓargon ƙashi kuma kullum yana ƙera sababbi.

Himoglobin ɗin da aka fi samu a jikin mutane shi ake kira A. Akwai wani iri da ake kira S, shi ma yana ɗaukar oksijin lafiya lau, matsalarsa tana zuwa ne bayan ya sauke ta, sai ya rinƙa manne wa 'yan uwansa suna haɗuwa su zama dogayen sanduna masu tauri a cikin ƙwayar, ƙwayar ta lanƙwashe ta yi siffar lauje ta sandare. Ki tuna lungunan cikin gari inda Adaidaita Sahu ɗaya ce kawai ke iya wucewa, in ɗaya ta lalace ta gitta a tsakiya duk na bayanta sun tsaya kuma mutanen ƙarshen lungun ba abin da zai iso musu, toh haka ƙwayoyin nan suke toshe ƙananan jijiyoyi, ƙashi ko ƙirji ko ciki ya rasa oksijin, shi ne ciwon da kike ji ana cewa "ya tashi". Sannan ƙwayar da ta zama lauje ba ta daɗewa, kwana 10 zuwa 20 ta fashe, ɓargo ya yi ta ƙoƙari ya kasa cike gurbin, shi ya sa kullum mai sikila jininsa a ƙasa yake, idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ya rinƙa saurin gajiya.

Yanzu ta yaya mutum yake samun A ko S? Gado ne tsantsa. A cikin ƙwayoyin halittar jikinki akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom guda 46, 23 daga Umma 23 daga Baba, a jikinsu aka rubuta tsarin halittarki, launin fata, tsawo, irin gashi, har da irin himoglobin. Umarnin da ya shafi maganarmu yana kan kuromosom na 11, kuma tunda kowane kuromosom biyu ne, ɗaya na uwa ɗaya na uba, kowa kwafi biyu yake da shi. Wanda ya samu A daga uwa A daga uba shi ne AA, wanda ya samu S daga duka biyun shi ne SS mai sikila, ke kuma kin samu A daga ɗaya S daga ɗaya, shi ne AS, wannan haɗin kwafi biyun shi ake kira jinotayif. Bambancin A da S ɗin ma harafi ɗaya ne tak a cikin rubutun, wanda ya canja tubali na 6 a jerin tubalan da aka gina himoglobin da su, wani masani Vernon Ingram ne ya gano hakan a Ingila wajen 1956, bayan likita James Herrick ya fara bayyana ƙwayoyin masu siffar lauje a Chicago ta Amurka a 1910 a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. Ikon Allah kenan, harafi ɗaya.

Dalilin da ya sa ba ki taɓa kwanciya a asibiti ba shi ne kowace ƙwayar jininki tana ɗauke da duka biyun, kuma A ɗin ya fi yawa, ya wuce rabi, yana shiga tsakani ya hana S ɗin haɗuwa ya yi sanduna. Ke ba mara lafiya ba ce, shi ma ɗan goggon naki haka, kar ki bari kowa ya sa ki ji kamar akwai aibu a jikinki. Abin da kawai ake ce wa mai AS ya kula da shan ruwa sosai, kar ya yi aikin ƙarfi na fitar hankali cikin tsananin zafi da ƙishirwa.

Kuma ki sani ba ku kaɗai ba ne, a Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, kuma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ambata shi ne ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara a ƙasar nan, babu ƙasar da ta kai mu. Akwai dalilin da ya sa abin ya yi yawa a wajenmu, zazzaɓin cizon sauro ne. A 1954 wani likita Anthony Allison da ya yi aiki a gabashin Afirka ya nuna cewa yara masu AS sun fi samun kariya daga maleriya mai tsanani, ƙwayar cutar ba ta jin daɗin zama a jininsu. Toh shekaru dubbai da babu gidan sauro mai magani babu allura, yaran AS sun fi tsira su girma su haihu, sai S ɗin ya yi ta yaɗuwa a duk inda sauro ya yi ƙarfi, Afirka, wasu sassan ƙasashen Larabawa, Indiya. Wato abin da kike ɗauke da shi ya taimaki kakanninki suka rayu har aka same ki, cutarwarsa tana fitowa ne idan biyu suka haɗu a jikin yaro ɗaya. A nan kusa da ku ma an yi binciken, a Garki da ke jihar Jigawa yanzu, lokacin babban aikin binciken maleriya na shekarun 1970, an ga cewa jarirai kusan 2 cikin 100 SS ake haifarsu amma in aka duba manya da ƙyar ake samun mai SS, domin mafi yawansu ba sa wuce ƙuruciya. Na kawo miki wannan ne saboda za ki ji tsofaffi suna cewa "mu a zamaninmu wa ya san wani jinotayif, ga mu mun yi aure mun haihu". Cutar tana nan a zamaninsu, yaran ne suke rasuwa tun suna ƙanana ba a san sunan abin ba, a ce iska ce, a ce mayu ne, a ce wance wabi take yi, Allah kaɗai ya san nawa ne daga cikinsu sikila ce.

Mu zo kan maganar abokin aikinsa mai 'ya'ya biyar da maganar ɗa na huɗu, nan nake so ki fi nutsuwa. Ki samu takarda ki yanka gida huɗu, ki rubuta A a ɗaya S a ɗaya ki nannaɗe ki sa a kofi, wannan ke ce, ki sake rubuta A da S ki sa a wani kofin, wannan shi ne. Ki rufe ido ki ɗauko ɗaya daga kowane kofi ki buɗe ki rubuta abin da ya fito, sannan ki mayar da su ki girgiza ki sake, ki yi haka sau ashirin ko talatin, in da hali ku yi tare da shi. Kowane ɗauka ciki ɗaya ne. Za ki ga wani lokaci AA, sau da yawa AS, wani lokaci SS, kuma za ki ga SS tana iya fitowa a ɗaukan farko, tana iya fitowa sau biyu a jere, tana iya ɓacewa ta daɗe. Mayar da takardun da kike yi shi ne gaskiyar lamarin, mahaifa ba ta riƙe lissafin abin da ya fito a baya, kowane ciki sabon lissafi ne: kashi 25 cikin 100 SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Maganar ɗa na huɗu daga rashin fahimtar "ɗaya cikin huɗu" ta samo asali, babu ita sam. In kun tsaya a uku kamar yadda ya ce, yiwuwar a samu aƙalla mai sikila ɗaya a cikinsu kusan kashi 58 ne cikin 100, ya fi rabi. In huɗu ne kusan 68, in shida ne ya haura 80. Abokin aikin nasa ba ƙarya ya yi ba, AS da AS su haifi biyar babu SS yana faruwa, kusan gida 24 cikin 100, Allah ya ƙara musu lafiya, amma sauran gida 76 ɗin fa? Su ba a kawo labarinsu wajen zance, suna asibiti.

Zumuncin da ke tsakaninku ma yana da hannu a haɗuwar, auren zumunci ba shi ke ƙirƙirar sikila ba, amma tunda kakanninku ɗaya ne, in S tana gidan toh damar ku biyun ku gaje ta ta fi ta bare yawa. Wannan ya isa ya nuna wa kowa cewa babu ɓangaren da zai ɗora wa wani laifi.

Mai maganin gargajiyar nan kuma, dan Allah kar ki kai masa ko sisi. Abin da aka rubuta a ƙwayoyin halittarki tun kina cikin Umma babu jiƙo ko saiwa ko rubutun sha da zai goge shi, kuma wasu jiƙe-jiƙen nan ƙoda da hanta suke taɓawa. Ko dashen ɓargo da ake yi wa masu sikila a asibiti jinin kawai yake canjawa, ƙwan haihuwar mutum yana nan da S ɗinsa zai iya gadar wa ɗansa. In kin ji an ce wance ta sha magani ta koma AA, toh ɗaya daga cikin gwaje-gwajen biyu kuskure ne, ko kuma an yi mata ƙarin jini kwanan nan jinin wani ya rufe nata. Ita kuwa takardar bogi, liman da waliyyi za ta rufe wa ido, ranar da jariri ya fara kumburin hannu babu takardar da za ta yi amfani, ga alhakin yaudarar iyaye, ga kuma doka, domin tun watan Mayun 2024 gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaura aure a jihar Kano, har da na jinotayif.

Sake gwajin da na ce ku yi dalilinsa shi ne ana samun kuskure a ƙananan wuraren gwaji, ba kaɗan ba. Ku je babban asibitin gwamnati ko na koyarwa, ku nemi a yi muku da na'urar da ake kira HPLC in akwai, ta fi tantancewa, ku tsaya ku ga an rubuta sunanku a jikin kwalbar jinin, kuma ku je ku karɓi sakamakon da kanku tare, kar a aiki kowa. In wani cikinku an yi masa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce a faɗa wa likita. Kar kuma ki rikita shi da rukunin jini, wato su O da A da B da ake dubawa wajen ƙarin jini, wannan daban ne, za ki ji wani ya ce "ai ni O ne ba ni da matsala" alhali bai taɓa duba jinotayif ɗinsa ba. Akwai ma wani irin himoglobin da ake kira C, an fi samunsa a arewacin Gana da Burkina Faso amma mu ma akwai shi, AC in ya haɗu da AS ana iya haifar SC wadda ita ma sikila ce. Amma fa ƙanwata sau ɗaya na ce, in biyun suka saɓa a yi na uku a raba gardama, banda yawo daga lab zuwa lab har sai an samu wanda ya rubuta abin da zuciya take so.

Na taɓa zaman jinya a ɗakin yara na wani asibiti lokacin hunturu, gadon da ke kusa da namu wani yaro ne da bai wuce shekara bakwai ba. Cikin dare zai ce "Mama danna min ƙafata", tana ɗora hannu sai ya ƙwalla ƙara ya ce ta cire, ta cire ya sake roƙonta ta danna, haka suka kwana, ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi daga filas tana ɗora masa tana karanta duk addu'ar da ta sani, uban yana waje a baranda da waya a kunne yana bin 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai ba da jini leda ɗaya. Da safe take faɗa min ƙanwarsa ma haka take, tana gida wajen kaka. Ta ce lokacin da aka haife shi ƙato ne mai kyau har wata biyar ba abin da ya same shi, kowa ya ce kun ga Allah ya kiyaye. Haka abin yake, jariri yana zuwa da wani himoglobin na musamman na zaman ciki da ake kira F wanda ba ya yin lauje, sai ya ragu sosai wajen wata shida sannan S ta bayyana, sau da yawa da kumburin bayan hannu da ƙafa da kukan da ba ya tsayawa. Daga nan saifa ta fara lalacewa yaro ya kasa yaƙar ƙwayoyin cuta, zazzaɓi kaɗan ya zama abin gudu asibiti, sanyi ya tayar, ƙishirwa ta tayar, maleriya ta tayar, wasu ƙashin ƙugu ya lalace, wasu kuma, kusan 1 cikin 10 in ba a ɗauki mataki ba, su samu shanyewar ɓarin jiki tun suna yara.

Kuma bari in faɗa miki abin da ba a cika faɗa wa amare ba. Yawancin wannan ɗawainiyar a kan uwa take sauka. Ita ce mai kwana a zaune, ita ce mai barin makaranta ko sana'a, kuma na ga gidajen da soyayyar ta kasa ɗaukar nauyin, miji ya gaji da kuɗin asibiti ya fara cewa daga danginki ne, ko ya ƙaro aure ya tare can. Ban ce ɗan goggonki haka zai yi ba, mai yiwuwa mutumin kirki ne ƙwarai, amma ko ya fi kowa kirki ba zai iya karɓar ciwon ya sa a jikinsa ba, ke ma ba za ki iya ba. Ku biyu kuke cewa kun yarda za ku jure, alhali wanda zai ji ciwon a ƙashinsa ba ya wajen balle a tambaye shi. Wannan shi ne abin da ya tsayar da ni a kan shawarar da na ba ki.

Ina roƙon masu sikila da iyayensu da ke karanta wannan kar su ji kamar ina cewa rayuwarsu ba ta da daraja, wallahi ba haka ba ne. Akwai masu SS likitoci, malamai, 'yan kasuwa, iyaye mata da suka yi aure suka haihu, kuma mai SS in ya auri AA duk 'ya'yansu AS za su zama, babu mai sikila. Kulawa ma ta ci gaba sosai, in an gano yaro da wuri aka sa shi a kan fenisilin kullum har ya kai shekara 5, da folik asid, da maganin kariyar maleriya da gidan sauro, aka cika masa rigakafi, abubuwa suna sauƙi. Akwai maganin haidroksiyuriya da yake sa jiki ya ƙara yin himoglobin F ɗin nan na jarirai, yana rage tashin ciwo, kuma a Kano ɗin nan taku, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin, an yi bincike mai muhimmanci kan amfani da shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki bayan an yi musu hoton jijiyoyin kai. Dashen ɓargo yana warkarwa, an fara yinsa a Najeriya a asibitin koyarwa na jami'ar Benin a 2011, amma miliyoyin naira ne, sai an samu ɗan uwa da ɓargonsu ya dace, kuma yana da nasa haɗarin. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani sabon magani na gyaran ƙwayar halitta, kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Duk wannan rahama ce ga yaron da ya riga ya zo, amma ba dalili ba ne na shiga da ido buɗe.

Maganar tawakkali kuma, ni ba malama ba ce, amma abin da kowa ya sani ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Iyayenmu da suka yi aure ba su sani ba babu laifi a kansu, ku kuma Allah ya ba ku sani kafin a ɗaura. Ki yi istihara, ki samu malamin da kika yarda da iliminsa ki kai masa maganar tare da bayanin likita, kar ki kai masa rabin labari.

Za ki iya jin cewa akwai hanyar da AS da AS suke bi, gaskiya ne akwai dashen ciki na asibiti inda ake gwada ƙwan kafin a dasa, ana yi a Legas da Abuja, amma kuɗi ne masu yawan gaske a kowane gwaji, ba kullum yake kamawa ba, kuma yana nufin duk zaman aurenku kuna tsaron kar ciki ya shiga da kansa. Akwai kuma gwajin ɗan tayi a watannin farko, wanda in ya nuna SS zai jefa ku cikin tambaya mai nauyi ta addini da ta zuciya. In ba masu hali sosai ba ne ku, kar a yi miki alkawarin wannan a baki a ɗaura aure a kansa.

Abin da nake so ki yi yanzu, kar ki ɗauki maganar nan ke kaɗai a kanki kamar ke ce mai fasawa. Bayan sakamako na biyu ki roƙi likitan ko ma'aikaciyar jinyar sashen masu sikila su ba ku lokaci, a zo da Baba da Goggo da Umma su ji daga bakin ma'aikacin lafiya, manya sun fi karɓar magana daga can fiye da daga bakin 'yarsu. Shi kuma ki roƙe shi alfarma ɗaya, ya raka ki ranar da ake ganin masu sikila a asibiti, ku zauna a layin nan awa biyu ku gaisa da iyayen yaran, gani ya kori ji. In akwai kawu ko wani dattijo da Baba da Goggo duka suke jin nauyinsa a sa shi a ciki tun da wuri, shi zai san yadda za a mayar da lefe cikin mutunci ba tare da an yi ta yamaɗiɗi ba. Ki faɗa wa Umma cikin ladabi cewa ɓacin ran fasa aure na watanni ne, Goggo za ta huce domin ita ma jikanta ake karewa, amma zumuncin da aka yi shekaru ana jinya ana nuna wa juna yatsa shi ne yake wuyar gyaruwa.

Za ki yi kuka, ki yi abinki, rabuwa da wanda kike so ba don ya yi miki laifi ba tana da ciwo na daban, kuma tunda ɗan uwa ne za ku rinƙa haɗuwa a biki da suna, dan haka ki ba kanki tazara, ki rage waya da hira da shi na wani lokaci ko da zuciya tana ja, ki samu 'yar uwa ko ƙawa ɗaya mai hankali da za ki rinƙa faɗa wa damuwarki. In rashin barcin ya wuce makonni ko kin daina cin abinci ki je ki ga likita, wannan ma lafiya ce. Mafi yawan mazan ƙasar nan AA ne, kuma ke da AA babu ɗanku da zai zama SS, shi ma haka in ya samu mace AA. Nan gaba duk wanda ya zo da maganar aure ki faɗa masa ke AS ce tun a farkon zance ki nemi ganin nasa sakamakon, tun kafin zuciya ta yi nisa balle a kai ga sa rana. Ƙannenki da nasa kuma a kai su gwaji yanzu tun ba su fara kula kowa ba, kowa ya riƙe takardarsa. Ki rubuto min bayan kun karɓo sakamako na biyun, in zaman da manyan ya yi tsauri sai mu duba wa ya kamata a ƙara sakawa a ciki.